Tayin da Maharazu Ya Yi wa Bindiga

Maharazu dillalin hatsi ne a Funtua, kuma a iya sanina da shi bai taɓa jin an faɗi kuɗin kaya bakinsa ya yi shiru ba. Ni Sikiru ne, bakaniken babur. A garin aka haife ni, iyayena ne suka zo daga kudu fatauci suka zauna. Shekara da shekaru ni ke gyara masa baburinsa, saboda haka na san halinsa ciki da waje. Ko akuyar da ba ya bukata aka ja ta gabansa aka ambaci kuɗinta, sai ya taya. Ba don yana so ba, bakin ne ya saba.

Da ɗinkin bakin buhu ya fara a kasuwar Bakori, ƙarƙashin mahaifinsa, har ya zama wanda manoman Dandume da Gozaki ke sauke wa masara da dawa su tafi sallah hankali kwance. Abu guda yake tinƙaho da shi: bai taɓa tayawa aka sallama masa ya janye ba. A wurinsu dillalai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka taya, mai kaya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa ke nan. Wanda ya zame sau ɗaya, labari zai riga shi isa kasuwa ta gaba, ba kuma mai ƙara sauke masa ko buhu guda.

Sai dai Allah ya yi shi matsoraci na bugawa a jarida. Kare ya yi haushi a wata unguwa, Maharazu ya canza hanya a tamu.

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, ana layin sabulu da madara, 'yan fashi suka addabi hanyoyin ƙauye. Da rana tsaka suka tare Benedict mai kemis yana dawowa daga Dandume, suka sare shi a kafaɗa, suka tafi da baburinsa. Mun je duba shi tare da Maharazu. Da Maharazu ya ga ɗinkin raunin, sai da na riƙe shi muka fito. Wannan hanyar kuwa ita yake bi duk mako, da kuɗin manoma ɗaure a cikinsa. Daga ranar ya rame, in yana tuƙi idonsa na kan ciyawar gefen hanya, har sau biyu yana kawo mini babur da sitiyari a karkace.

Ana cikin haka wani Sanda, tsohon soja da ya bar aiki bayan yaƙin basasa ya koma lodin motoci, ya yafito Maharazu bayan rumfunan hatsi a kasuwar Bakori. Ya kwance wani tsumma mai maiƙo, sai ga ƙaramar bindiga baƙa, wadda za ta shige aljihun riga. Ya ce irin mai ɗura kanta ce, ka harba ɗaya, na biyu ya hau da kansa. Ya ce ba ta manyan kamfanoni ba ce, shi ya sa take da sauƙi, ya kuma faɗi kuɗinta.

Maharazu ya gaya mini cewa a lokacin ba abin da yake so sai ya bar wurin. Amma an faɗi kuɗi, baki kuma ya saba. Sai ya yi irin tayin wulaƙancin nan da ake yi don mai kaya ya ji haushi ya naɗe kayansa, kuɗin da ko tsohon keke ba za su saya ba.

Sanda ya dube shi ya yi murmushi, ya ce, "Na sallama, Malam Maharazu. Kasuwa mai zuwa ka zo da kuɗin."

Ko gida bai je ba, garejina ya nufo. Ya ja ni bayan tulin tayoyi yana magana ƙasa-ƙasa, zufa na ɗiga daga gemunsa.

Na ce, "Malam Maharazu, kai da ko yankan kaza ba ka iya kallo, mi ya kai ka tayin bindiga?"

"Wallahi Sikiru ban san sa'ad da ta fito ba. Na ɗauka zagina zai yi."

"To ka ce ka fasa mana."

"In fasa? Sanda fa duk direbobin hatsi ya sani. Ba sai ya ce bindiga ba ce, ya ce dai na taya an sallama na gudu. Shi ke nan an kashe ni da raina."

Makon nan gaba ɗaya a garejina ya yi shi, yana auna abin yana sakewa. In ya saya, wataƙila ya tsira in aka tare shi. Amma ba shi da lasin, kuma a lokacin ko'ina shingen sojoji ne, duk wanda aka kama da irin wannan ɗan fashi za a kira shi, ɗan fashi kuwa a jikin ganga ake ɗaure shi a harbe a bainar jama'a. In bai saya ba, sunansa ya lalace, ga shi ya san asirin mutumin da ke yawo da bindiga. Abin da ya fi hana shi cin abinci shi ne arahar. Shi da ya ƙare rayuwarsa a ciniki ya san mai kaya ba ya sallamawa a tayin farko sai in kayan na ƙona masa hannu. Wa aka kashe da ita? Wa ke nemanta? Ni kaina da nake masa tsiya, in na ji mota ta tsaya a bakin gareji sai na leƙa in ga ko sojoji ne.

Na dai ba shi shawara guda: tunda ko dawa ba ya saye sai ya soka mata ƙarfe ya ga ƙwayar, ya nemi a gwada.

Sanda bai ƙi ba. Ranar kasuwa da hantsi muka bi shi wani kwazazzabo bayan gonakin auduga. Ya miƙa wa Maharazu bindigar, ya nuna masa kututturen giginya. Maharazu ya riƙe ta da hannu biyu, ya kawar da kai, ya rufe ido, ya ja kunama. Ƙarar ta sa tsuntsaye suka tashi, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa yana salati. Ko kusa da kututturen harsashin bai je ba. Sanda ya tashe shi ya ce ya ƙara. Ya ja, shiru. Ya sake ja, shiru. Kwanson harsashin farko ya maƙale a bakinta, ta cije.

Na karɓa na duba. Ban san bindiga ba, amma na san ƙarfe mai gajiya in na gan shi. Na ce wa Maharazu a kunne wannan harbi ɗaya gare ta, na biyu sai an zauna an lallashe ta.

Sanda ya ce, "Haka take in ta kwana biyu. Mai kawai take so."

Na zaci Maharazu zai fake da wannan ya fasa. Ina! Ya ce ai bai gindaya sharaɗi ba sa'ad da ya taya. Ya zaro kuɗin ya miƙa, ya karɓi tsumman kamar an ba shi garwashi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sanda ya soke kuɗinsa, ya juya zai tafi, sai ya waiwayo yana sakin fuska.

"Af, Malam Maharazu, har yanzu ta tsohuwar gadar nan kake dawowa daga Dandume bayan la'asar, ko? Kai kaɗai?"

Na dubi Maharazu. Na ga leɓensa ya yi fari. A nan muka gane abin da muka yi. Mun nuna wa mutumin nan cewa Maharazu na ɗauke da abin da ya isa a tsare da bindiga, mun nuna masa Maharazun bai iya saiti ba, shi kuma ya san harbi nawa gare ta.

Ban san ko Sanda ɗan fashi ba ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, ba a taɓa kama shi da komai ba. Bindigar dai a ranar muka jefa ta masai. Maharazu kuwa bai ƙara bin hanyar Dandume ba. Daga baya ya bar Gozaki, ya bar Bakori ma. Manomansa suka yi ta aike har suka gaji suka koma wurin wasu. Mutumin da motoci ke jira a kasuwa ya dawo awon mudu a ƙofar gidansa, yana zaune inda bayansa ke jingine da bango.

Sanda kuwa duk sa'ad da lodi ya kawo shi Funtua sai ya biyo ta unguwar, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, yaushe za ka koma hanya ne?"