Tsibirin Dainoso Ya Fito da Baba Daga Ɗaki

Jama'a, yau Baba ya kwaɓa ƙasa da hannunsa!

Ruwan jiya ya kwanta a tsakar gidanmu a Koki. 'Yata Safiya ta tara laka a tsakiya, ta jera dainoso ɗinta na roba, irin manyan dabbobin nan na zamanin da, wai tsibirin shaƙatawa ne. Har tarihi ta tsara masa: wata attajira ce ta kafa shi, 'yan kallo suna ta zuwa a jirgin ruwa, ran nan dabbobin suka ɓalle, aka rufe wurin.

Mahaifina tsohon magini ne, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina fitowa. Kawai sai muka ji muryarsa daga bakin ƙofa:

"Ke amarya, ina ganuwar garin naki?"

"Babu, Tsoho."

"Yo ba dole su ɓalle ba! Miƙo min ƙasar nan."

Wallahi da hannu ɗaya ya zagaye tsibirin da ganuwa, har da ƙofofi biyu. Nan take Safiya ta ƙara a tarihin: yau an sake buɗewa!

Wata takwas muna lallashinsa ya fito, ashe aiki yake jira a ba shi. Ku fa, me ya taɓa dawo wa tsohonku da walwalarsa?