Fitilar da Na Ɗauko a Kurfi

Mun tashi daga Dutsin-Ma ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwar mahaifiyata wadda nake kira Inna. Ita za ta Kurfi ne ta gaida wata tsohuwa da ta yi renonta tana ƙarama. Ni kuwa fitila ce ta fitar da ni.

Ku da muka yi kwalejin horon malamai tare kun san ciwona. Tun ranar da na ga wata fitilar tebur a gidan shugabar makarantarmu, wata Kirista 'yar Kudu, hankalina bai dawo jikina ba. Ƙirar mace ce ɗauke da tulu, haske na zubowa daga bakin tulun kamar ruwa. Yanzu a kan teburin ɗakina akwai tsofaffin fitilu shida, har da ta tagulla daga Bida, da ta yumɓu mai baki uku, da wata ta lantarki mai siffar zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, wadda wani Bature ya bari da zai koma ƙasarsu. Mahaifiyata takan ce in na ci gaba haka, mijin da zai aure ni sai ya gina wa fitilu nasu ɗakin.

Akori-kura muka samu, sule huɗu kowa. Direba ya ce wa wani fasinja akuyarsa ma sule ɗaya ce, mai akuyar ya rantse a cinyarsa za ta zauna, aka yi ta ja har ya ci nasara. Kafin mu yi nisa akuyar ta koma cinyar Inna tana taunar gefen mayafinta.

Damina ta zo ƙarshe. An fara yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai, wake ya shimfiɗe ƙarƙashinta. An yi ɗan ruwa da daddare, sai manyan duwatsun bakin hanya suka yi baƙi suna sheƙi, kamar shanun da suka kwanta suka manta da tashi. Na so in rubuta wani abu a kansu, amma ramukan hanya ba su bar alƙalami ya zauna ba. A wani kwari motar ta kafe a laka, maza suka sauka suka tura, mu mata muka taya su da sannu.

Mun iso Kurfi kasuwa ta fara ci. Muka karya da ƙosai mai zafi da yaji, muka ɗora fura da nono daga wata Bafulatana da ta ƙi rage mana ko kwabo. Daga nan na ja Inna zuwa rumfar maƙera. Lauje ne da fartanya da wuƙaƙe jere a ƙasa, sai 'yan aci-bal-bal da aka yi da gwangwanin madara. Na tambayi wani dattijo ko yana da tsohuwar fitilar ƙarfe, irin ta man gyaɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malama, ga sabuwa dal, tsohuwa kike nema?” Ya ce tun da fitilar ƙwai da kananzir suka shigo, ba mai ɓata gawayinsa a kan irin waccan. Na bar rumfar jikina a sanyaye.

Gidan tsohuwar yana bayan kasuwa, ta wani lungu mai kukoki biyu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ɗakinta cikin 'ya'yan ƙannensa. Mun tarar da ita a kan tabarma tana kaɗi. 'Yar ƙarama ce, idonta ya fara hazo, amma ta gane Inna da jin sallama. Suka rungume juna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu. Da Inna ta ce ni malamar makaranta ce, sai ta ce, “To, Malama, shigo daga ciki, kada rana ta narkar da karatun.” Ta kawo mana dafaffiyar gyaɗa da ruwan randa mai sanyi.

A cikin ɗakin na gan ta, wata tsohuwar fitilar ƙarfe, a kan wani ɗan dakali kusa da kan gado. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ƙafafu uku, jikinta murɗe kamar igiya, a sama ɗan kasko kamar tafin hannun jariri. Tsuntsaye biyu na ƙarfe suna zaune a gefen kaskon suna fuskantar juna, ga siririyar sarƙa da ɗan hantsaki na jan lagwani. Hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin, sai wajen da hannu ke kamawa ne ya yi santsi yana ƙyalli. Da mai a cikinta, lagwanin audugar ma a jiƙe yake. Ko makaho ya taɓa ya san da ita aka kwana.

Na yaba. Na sake yabawa. Na durƙusa gabanta na yaba na uku, har na ce ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba.

Tsohuwa ta yi murmushi ta ce, “Ai taki ce, ɗiyata.”

Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san wannan magana. In ka yabi abin mutum a ɗakinsa, haka zai ce maka, kai kuma ka ce Allah ya bar masa kayansa, a yi dariya a wuce. Mutunci ne ake miƙa maka, ka shafa ka mayar. Na san amsar tun ban iya ɗaura zani ba. Ba zan ce boko ne ya mantar da ni ba, don a lokacin ma tana kan harshena. Na haɗiye ta. Na ce, “Na gode, Iya.”

Inna ta sunkuyar da kai tana ɓare gyaɗar da ba ta ci ba. Tsohuwa ta miƙe a hankali, ta ɗauko 'yar kwalba ta tsiyaye man a ciki, ba ta bari ko ɗigo ya zuba ba. Ta zare lagwanin, ta goge tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya da bakin zaninta, ta naɗe fitilar cikin tsumma ta miƙo mini da hannu biyu.

Sai da muka isa tasha, muna cikin mota muna jiran ta cika, Inna ta yi mini magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kin san wa ya ƙera ta? Mijinta. Maƙeri ne, mutum ne da bai iya zance ba. Lokacin da yake nemanta, sauran samari na zuwa da baki, shi wannan ya aiko. Tun ina goye a bayanta nake ganin fitilar nan a kan dakalin nan.”

Ban san sa'ad da na sauka daga motar ba. Na ratsa kasuwa da sauri, mayafi na zamewa, masu rake na kallona. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki tana murza sabon lagwani a cinya, gabanta wani fasasshen kasko da ta wanke ta kife. Na durƙusa na ajiye ƙunshin, na ce ta yafe mini, kuskure na yi.

Ta tura mini shi da yatsa. “Mi kike so a ce a garin nan? Na ba baƙuwa abu na karɓe? Tashi, ɗiyata.”

Na ce to in bar mata ita aro, in na dawo sai in ɗauka.

Ta yi dariya har da tari. “Ji mini wayon 'yan makaranta! Abin da ya fita ɗakin nan da bakina ya fita. Ke dai ki riƙa shafa mata mai, ba ta son tsatsa. Maza, kada mota ta tashi ta bar ki.”

Na juyo da fitilar a hannu, ta fi ɗazu nauyi.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, mata na fitowa daga gonaki da dammunan gero a ka. Ban ga kyan komai ba. Tsumman ya ɗan buɗe, wani fasinja ya leƙo ya ce, “Malama, nawa kika saye ta?” Na yi kamar ƙarar mota ta hana ni ji. Mun shigo Dutsin-Ma ana kiran magariba, kuma abin da ya zo mini kawai shi ne yanzu tsohuwar take zuba mai a fasasshen kaskon nan.

Na je neman tsohuwar fitila, na koyi cewa wadda ke da mai a cikinta ba ta tsufa ba tukuna, mai ita na raye. Na kuma koyi cewa yabo ma hannu ne, yana iya ɗauke abin mutane.

Washegari da safe wata maƙwabciyarmu ta shigo yi mini sannu da zuwa. Idonta ya faɗa kan fitilar, ta tafa hannu ta ce, “Kai, wannan abu da kyau yake!”

Bakina ya riga ni. Na ce, “Ai taki ce.” Nan take na ɗora hannu a kan fitilar.

Ta yi dariya ta ce, “Allah ya bar miki kayanki,” ta shiga tambayata ko gero ya yi araha a Kurfi.

Numfashi ɗaya ya ishe ta ta faɗi wannan amsa. Shi ne abin da na hana tsohuwar.