Irin Waken Inna da Jajayen Ƙwari

Shekarar da na bar koyarwa na koma gida Dandamisa, abin da na fi ji da shi cikin kayan da Inna ta rasu ta bar mini shi ne irin wake a wata tsohuwar gora. Ƙaramin wake ne ja, mai saurin nuna, wanda ta zo da shi daga gidansu, ban kuma taɓa ganin irinsa a kasuwar Makarfi ba. Bai kai rabin mudu ba. Da damina ta zauna na shuka shi duka a bayan gida, ban rage ko ƙwaya ba.

Sati uku da tsirowa ganyen ya fara hujewa kamar rariya. Na duƙa na duba, na ga jajayen ƙwari a kai, da wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙaya-ƙaya, munana ƙwarai. Nan take na yanke hukunci: ga iyaye, ga 'ya'yansu. Ban so feshi ba saboda kaji na kiwo a wurin, sai na bi hanyar da na sha ganin Inna na bi, a fita da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, a tara ƙwari a kwanon ruwan toka. Mutumin da ya yi shekaru yana kama masu satar amsa a aji, ai ƙwaro ba zai gagare shi ba, haka nake faɗa wa kaina.

Kwana tara ina tsinta. Kullum na tara da yawa, kullum huji na ƙaruwa. Ga kuma darɓa, ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu tsotse tsiro, ta lulluɓe kan waken, ganye na nannaɗewa yana danƙo. Raina ya fara ɓaci sosai.

Rana ta goma yayata ta zo daga Likoro, inda take aure. Bayan mun gaisa, na tambayi maigidanta da yara da ruwa, sai ta leƙa kwanon da na ajiye a bakin zaure.

"Malam, waɗannan me suka yi maka?" Malam take ce mini idan za ta tsokane ni.

"Su ke cinye waken, Yaya."

"Ka gan su suna ci?"

Na sake leƙa kwanon. Gaskiya a kan ganyen kawai na gan su.

Ta ɗauki faifai, na ɗauki kwanon, muka zaga baya. Ta tara shi a ƙarƙashin wani tsiro, ta ɗan girgiza. Sai ga jajayen ƙwari sun zubo sun kwanta lamo kamar matattu. Ta ɗauki ɗaya ta sa a tafin hannunta, ta tsamo ɗaya daga kwanona ta jera su. Duka ja ne, girmansu kusan ɗaya. Amma nawa kewayayye ne kamar ɓarin wake, da baƙin ɗigo a baya. Nata ya fi tsawo, bayansa sumul yana sheƙi, da dogayen gashi biyu a ka.

"Wannan shi ne ɓarawon," in ji ta. "Da ya ji motsi sai ya saki ganye ya faɗi ƙasa. Naka kuwa ba shi da laifi, shi ya sa ya tsaya ka kama shi."

Na ce, to tsutsotsin fa? Ta yi ta bincike kafin ta sami guda da ta tsere mini. Ta ce in zuba ido. Na zuba, sai na ga darɓa a bakinta tana ci.

"'Yar mai ɗigon ce. Su ke tsare maka waken, ka bi su ka kashe."

Daga nan ta tuge wani tsiro da ya yi rawaya, ta kakkaɓe saiwar. Ga 'yan fararen tsutsotsi a ciki, 'ya'yan ɓarawon na gaskiya. Ashe ita Inna tara faifai take a ƙasa ta girgiza, sannan ta juye a kwano. Ni daga nesa duƙawarta da kwanon kawai na gani. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushin kaina.

Daga ranar na koma girgiza, amma ɓarna ta riga ta yi nisa. Da kaka abin da na samu bai wuce cikin gwangwanin madara ba. Na ɗauka na tafi Likoro don mu raba, ina ganin na yi abin kirki. Ta juye shi a faifai, ta hure ƙaiƙayi, ta fara ƙulle shi duka a tsumma.

"Baɗi in ya yi yawa na ba ka," ta ce.

"Haba Yaya, ni fa Inna ta bar wa."

Ta dakata da ƙullin.

"Ta bar maka don kai ke da gona. Ni na yi shekara da shekaru ina riƙe mata faifai, ko ƙwaya ɗaya ba ta ba ni ba."

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Na sa yatsa na danne mata bakin tsumman har ta gama ƙullewa.