Sitiyarin da Kawu ya miƙo mini

Jiya a hanyar Wurno na shiga akori-kura mai sitiyarin katako, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsofaffin sitiyari irin wannan yake sayarwa a kasuwar Goronyo. Kafin ya sallama, sai ya rufe ido ya shafa inda tafin direba ya cinye.

Wata rana ya miƙo mini ɗaya. "Riƙe ka ji. Mai wanga haƙuri gare shi."

"Kawu, mi za ni ji ga icce? Albasata na jiran ruwa."

Ya rataye abinsa. Da ya rasu, na kwashe su duka na ba 'yan gwangwan.

Jiya na roƙi direban na riƙe sitiyarinsa, ban ji komai ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya yafe mini.