Mai Faci da Robar Taga

Mai faci ne ya fara gaya min wannan abin na jan roba don miƙe baya. Rubuta haka, jikalle. Shagonsa na jikin nawa, ni ina ɗinki, shi yana facin taya, tun ubanki bai fara tafiya ba.

Aikin faci duk a sunkuye ake yin sa. Da shekaru suka tura, bayansa ya lanƙwashe, in zai gaishe ka sai ya karkata kai kamar kaza tana kallon sama. 'Ya'yansa suka ce ya isa haka, ya koma gida ya zauna, a ba mai sayar da waya shagon.

Ya ce da babban, "Kai da na ɗauka a kafaɗun nan, yau kai za ka ce sun ƙare?"

Wata ma'aikaciyar asibiti da ya yi wa facin babur ita ta nuna masa dabarar. Ya yanko roba daga cikin tsohuwar taya, ya zarga a ƙarfen taga. Sai ya zauna a benci, ya miƙe ƙirji, ya kama bakin robar biyu ya ja baya, gwiwar hannu na goga haƙarƙari, har allunan kafaɗa su matse. Sannan ya saki a hankali, ya sake ja.

Na leƙa na ce, "Tsoho, ina za ka da kwale-kwalen nan, ba kogi ba ruwa?"

Ya ce, "Inda ba 'ya'ya. Shigo, tela, kai ma goshinka ya fara gaida ƙasa."

Robar farko, don rowa, wadda ta sha faci kaca-kaca ya zaɓa. Ta tsinke ta fasa masa leɓe. Jini na zuba yana nuna min, "Duba da kyau, ba a facina ta tsinke ba."

Bayan nasa bai miƙe duka ba, kar ki rubuta ƙarya. Amma ran da 'ya'yan suka zo da mai wayar ya ga wuri, ya ɗaga tayar mota ya rataye a ƙugiya sama da ƙofa. Ya ce wanda ya iya saukewa da hannu ɗaya, shago nasa ne. Suka juya suka tafi.

Shekaranjiya gam ya ƙare masa, ga keken mai burodi a kwance ba ƙafa. Ya fita saye, zazzaɓi ya kayar da shi a hanya. Yana asibiti. Tun jiya na ga babban ɗan yana zagaye da sabon kwaɗo a hannu.

Ba za a rufe shagon ba. Makulli na wurina, da safe na buɗe, kuma mai burodi na jiran kekensa. Ajiye biron, miƙo min hulata. Gam ɗin nan har yanzu ba a sayo ba.