Jana'izar Bara'atu a Hannun Jinjiri

Jinjiri Bamaguje ne, haifaffen wata 'yar unguwa a gindin dutse kusa da Karare. Yana saurayi kuturta ta kama shi, ta cinye masa yatsu takwas. Lokacin da ake ɗibar sa'o'insa zuwa yaƙin Bama, shi a jaki aka ɗora shi zuwa sansanin kutare na 'yan mishan, can wajen Katsina. Shekara bakwai ana yi masa allura. A can ya warke, a can kuma ya karɓi Almasihu da zuciya ɗaya.

Abin haushin ya faru ne ranar da za a zaɓi waɗanda za a koya wa wa'azi. Jinjiri ya riga kowa zuwa. Baturen mishan ya miƙa masa littafi ya ce ya buɗe. To, ina yatsun da za su raba takarda da takarda? Ya yi ta fama da dungulmi har littafin ya faɗi ƙasa, 'yan aji suna ƙunshe dariya. Aka sallame shi da bargo ɗaya da nasihar ya je gida ya yi ta addu'a, sai ka ce da yatsu ake wa'azi. Tun daga ranar ya sa wa ransa cewa tausayi kawai ya sa Allah ya cece shi, ba don zai amfane Shi da komai ba.

Ya dawo gida ya kama korar birai daga gonakin gero, akushinsa daban. Kirista biyu ne a unguwar, shi da tsohuwa Bara'atu mai daddawa, wadda a bakinsa ta ji bishara. Ran Lahadi sukan zauna gindin ɗorawa ya faɗa mata abin da ya riƙe a ka, kullum yana ƙarewa da cewa ta yi haƙuri malami na gaske ya zo. Malamin na gaske kuwa wani mai bishara ne da ke zaune ta wajen Safana, mai keke da farin wando, wanda yakan leƙo su sau ɗaya a shekara, in ya tuna.

Cikin wata damina Bara'atu ta rasu da sassafe. A ƙasar nan ba a barin gawa ta wuni a ɗaki, abin kunya ne ga gari duka. Maƙwabtanta Musulmi suka haƙa kabari, mata suka yi mata wanka, aka yanko itacen rufi. Limamin unguwar, Malam Hashimu, ya ce sun sauke haƙƙin maƙwabtaka, addu'a kuwa ta mutanen addininta ce. Jinjiri ya roƙi a jira, ya tura Yero makiyayi a kan doki ya kira mai bishara.

Aka jira. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, mata suna korar ƙuda da faifai, maza sun bar noma sun zauna jugum. Rana ta yi sanyi Yero ya dawo shi kaɗai. Wai mai bishara ya ce ba a yi wa Bara'atu baftisma ba, sau uku tana kasa amsa tambayoyin da ake yi kafin wannan wankan tuba, saboda haka ba ta cikin 'yan ikilisiya, kuma hanya ta yi laka, keke ba ya shiga. Tsohuwa mai shekara saba'in, wadda ta bar tsafin gidan ubanta ta sha zagin dangi, ita ce aka mayar ba kowa ba don harshenta ya sarƙe a gaban mai farin wando. Wannan rashin imani ne, ko wa ya yi shi.

Jinjiri ya tsuguna yana kuka. Ya ce shi bai iya karatu ba, ba a naɗa shi komai ba, ba shi da bakin da zai miƙa mutum ga Allah.

Malam Hashimu ya dube shi ya ce, "Jinjiri, rana tana faɗuwa. Da Ubangijinka yana son wani ya yi wannan aikin, da wani ya ajiye a garin nan. Kai ya ajiye."

Jinjiri ya share hawayensa. Sannan ya miƙe, ya bi makara har bakin kabari. Ya ce, "Ya Ubangiji, ga Bara'atu. Ka san ta, ba sai na gaya Maka ba. Ni ban san dalilin da Ka tsayar da ni a nan ba, amma Kai ba Ka kuskure. Ka karɓe ta, cikin sunan Yesu."

Ya saurara. Mutum arba'in ne a tsaye, kowa ya sunkuyar da kai don girmamawa, amma babu wanda addininsa ya yarje masa ya amsa. Sai Jinjiri ya ɗaga murya ya ce amin da kansa, aka fara tura ƙasa.