Dattijon da Ya Bi Maganar Kowa

Na daɗe da imanin cewa idan kowane ɗalibi ya ƙware a fanninsa, majinyaci ya tsira. A haka nake koyar da ɗaliban likitanci a shekarar da sojoji suka koma bariki.

Ɗaliban makarantarmu sukan ziyarci wani dattijo mai ciwon sukari a Romi, kowane fanni da ranarsa. Nawa suka ƙara masa maganin safe. Ɗaliban gashin ƙashi suka ce ya riƙa tattaki kullum. Ɗaliban jinya kaɗai suka san yana azumin coci har yamma, kuma ba wanda ya tambaye su.

A bakin titi aka tsince shi a sume. Da ya farfaɗo, na ce, "Baba, don me ba ka faɗa mana ba?"

Ya ce, "Likita, duk 'ya'yana ne. Wanne zan kunyata?"

Babu ɗalibin da ya kauce wa karatunsa, amma mun kusa kashe mutum.

Tun daga zangon da ya biyo baya, rana ɗaya suke zuwa Romi, a mota ɗaya.